Yadda Katifar Zinariya Ta Gajarta

Shekara goma sha ɗaya ke nan rumfata tana jingine da ta Barau, a bakin titin da ya fita daga Maigatari ya miƙe zuwa Gumel. Ni faci nake yi, shi wankin mota. Duk motar da ƙusa ta tsayar a wurina, kafin in kwance taya ya riga ya zagaye ta sau biyu yana girgiza kai, kamar wanda ya je dubiya ya tarar jikin ya fi yadda aka faɗa masa. Direba ba ya sanin sanda zai ce, "To, ɗan goge mini gaban nan." Haka da yawa suka zo faci suka tafi da wanka.

Barau ɗan Ɗanzomo ne, gajere, mai faɗin kafaɗa da bakin da ba ya hutawa. Mahaifiyarsa, Inna Kande, gwanjo ta sayar har ƙarfinta ya ƙare, tana bin kasuwannin ƙauye da ƙunshin kaya a ka, shi kuma a cikin ƙunshin nan ya yi wayo. Tun kafin ya iya haɗa baƙi ya iya rufe ido ya shafa yadi ya gaya maka auduga ce ko roba ce ta yi shigar auduga. Allura da zare kuwa ya fi mata da yawa iyawa. Da gona ne ba su daidaita ba. Ya yi damina uku yana noman gero da riɗi, ya ce shi gona ba ta tanka wa mutum, ya tattara ya taho bakin iyaka, inda ko ba ka so sai an yi maka magana.

Da farko wankinsa irin na kowa ne: a sheƙa ruwa, a goga sabulu, a sake sheƙawa, ƙasa ta yi caɓal. Akwai famfon burtsatse a bayanmu, ba mu san tsadar ruwa ba. Sai wata bazara, shekara biyar da suka wuce, injin famfon ya ƙone. Aka ce za a gyara. Har yau in ka tambaya, za a gyara. 'Yan ga-ruwa sai sun yi nisa suke ɗebowa, kuma kafin su iso wurinmu matan unguwa sun tare su. Ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ke ci, motoci su cika titi sun yi buɗu-buɗu da turɓaya, Barau yana zaune a kan kifaffen bokiti yana kallon su kamar kare ya ga nama a rataye.

Wanda ya fitar da shi wani direba ne ɗan Damagaram, Zaharaddini, mai jigilar dillalan shanu. Wata rana ya sauko da wata kwalbar roba mai shuɗin ruwa a ciki, ya ce maigidansa mai gareji ne ya ba shi.

"Murfi biyu a bokiti guda," in ji shi. "Ba kumfa, ba ɗauraya. Ka jiƙa tsumma ka goge, ka bi da busasshe, shi ke nan. Bido ɗaya sai ya kai ka la'asar." Bido ita ce jarka a bakinsu.

Barau ya buɗe ya sansana, ya ce, "Wankan da babu ɗauraya? Malam Zaharaddini, ai wannan taimama ce."

Daga ranar sunan ya bi shi. In ka sauka a tasha ka ce Barau kawai, za a tambaye ka wanne. In ka ce Mai Taimama, kowa zai nuna maka da baki.

Motar farko da ya gwada wa ta Alhaji Halliru ce, wani dillalin riɗi daga Gumel, dattijo mai sanyin magana. Baƙa ce wuluk, ko wata shida ba ta yi a hannunsa ba. Barau ya ɗauko tsohuwar singiletinsa da soson wanka, ya tsoma, ya yi ta murzawa yana zagayawa kamar mai dama fura. A inuwar rumfa motar ta yi ƙyalli har na bar aikina na zo kallo. Da aka fitar da ita rana, sai ga jikinta duk zane-zane sirara, zagaye kan zagaye, kamar gizo-gizo ya yini a kai yana saƙa.

Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Barau, wannan taswirar wace ƙasa ce?"

"Ranka ya daɗe, ai dama suna nan. Ƙura ce ta rufa musu asiri, ni tonawa kawai na yi."

"To madalla," in ji Alhaji. "Mayar mini da ƙurata."

Ya shiga motarsa ya ja. Da zagi ya yi da ya fi sauƙi. Barau ya yi kwana uku bai tsokani kowa ba, har mai shayi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi masa.

A rana ta huɗu ya zo ya tsuguna kusa da ni ina ɗora faci. Ya ce, "Abdurra'uf, na gano. Ruwan nan ba shi da laifi. Yashi ne. Da, in na sheƙa ruwa, yashi ya bi ruwa ya tafi. Yanzu ina za shi? Singileti ba ta da ciki, sai ta tura shi gaba tana jan sa a kan fenti. Tsumman da nake nema sai mai ciki, wanda zai haɗiye yashi ya riƙe."

Daga nan mutanen gari suka shiga uku.

Ya samo wani tsohon faifan sidi ya sa a aljihun gaba. Duk ƙyallen da ya ba shi sha'awa sai ya goga a bayan faifan ya ɗaga wa rana. In ya ga layi, ƙyallen ya faɗi jarrabawa. Hular sanyi ta faɗi. Safa ta faɗi. Zanen goyo, tawul ɗin alwalata da ya ɗauke ba da sanina ba, gyalen wata fasinja da ta ajiye a benci tana sayen awara, duk sun faɗi. Gaisawa da Barau ta zama abin tsoro, don zai riƙe hannunka yana tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya, har awaki, ɗaya hannun kuwa yana murza bakin rigarka. A wani ɗaurin aure a Gagarawa Tasha, kawun ango ya waiwayo ya tarar da shi riƙe da jelar rawaninsa, ido a lumshe. Barau ya ce albarka yake nema.

A ƙarshe a layin 'yan gwanjo na kasuwar Gumel ya same su, a ƙasan tulin kayan jarirai: wasu ƙananan tawul masu laushi da gashi-gashi, irin waɗanda in ka shafa sai su kama kaushin hannu. Ya goga a faifai, babu ko layi. Ya kwashe duka goma sha huɗun. Duk da haka bai yarda da su ba sai da ya zauna da reza ya farke ɗinkin bakinsu, ya cire 'yar takardar da ake liƙawa a gefe. Ya ce baki da takarda su ne munafukan tawul, ciki yana aikin kirki su suna ɓarna.

Ya kafa musu doka. Duk su kwanta cikin bokitin shuɗin ruwa. Kafin a taɓa mota sai ya fesa mata ruwan da wata kwalbar feshi irin ta masu guga, ya bar datti ya jiƙa. Sannan a ɗauko tawul ɗaya a ninka biyu, a sake ninkawa, ya ba da fuska takwas. Kowace fuska shafa ɗaya, a miƙe, daga rufin mota zuwa ƙasa, kamar mai sharar tsakar gida. Wanda ya gama fuskokinsa ba ya komawa cikin 'yan'uwansa, wani bokiti daban yake tafiya, wanda Barau ke kira gidan kaso. Wanda kuwa ya kuskura ya faɗi ƙasa, an tuɓe shi daga sarauta ke nan, a kan taya zai ƙare rayuwarsa. Akwai babba guda mai kauri na tsanewa, wanda ko ni ban isa in taɓa ba. In mota ta zo ta sha taɓon damina, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan ta wuce taimama, a kai ta inda ake wanka." Direbobi su yi ta magiya, ba ya yi.

Da wannan ya dawo da sunansa. Zaharaddini ya ci gaba da kawo masa ruwan. Alhaji Halliru ma, bayan ya aiko da motar ɗaukar kayansa sau biyu an gwada, ya dawo da baƙar, sai dai ya tsaya a kai hannu a baya har aka gama.

Matsalar ita ce tawul goma sha huɗu ba sa kai azahar ranar Alhamis. Duk su cika gidan kaso, motoci na layi. Zaharaddini ne dai ya sake nuna masa a waya wani Bature yana irin wannan wankin da ƙaton soso, an tsattsaga fuskarsa gida-gida kamar gurbin dara. Yashi ya shige tsagar, a matse a bokiti ya sauka, a ci gaba. Barau ya kalla sau bakwai. Ya bi kafintoci masu kujeru ya karɓo guntayen soso. Wani ya yi tauri, wani ya yi ta marmashewa, wani kuwa in ya sha ruwa ba ya saki.

A nan Zinariya ta shigo labarin, ba da saninta ba. Matar Barau ce, 'yar Sule Tankarkar, doguwa, ta fi shi da taƙi guda, kuma duk maganar da yake yi a yini ita sai ta yi wata guda ba ta yi rabinta ba. Zoɓo da kunun aya take ƙullawa a gida. 'Ya'yansu huɗu, babbar Jannatu. Abin da ta fi ji da shi a ɗakinta katifa ce da yayanta Abdulfatah ya kawo mata daga Kano, mai kauri, wadda ba ta barin yara su yi tsalle a kai.

Wata rana bayan azahar Barau ya koma gida ya kishingiɗa, ya juya kansa wajen ƙafa don ya sha iskar ƙofa. Hannunsa ya faɗa kan wata 'yar ɓarakar ɗinki. Ya zura yatsa. Ya danna soson ya saki, ya ji ya taso a hankali, ba gaggawa. Ya tsinko ɗan mitsitsi ya goga a faifai ya ɗaga. Tas. Shi da bakinsa ya gaya mini: "Abdurra'uf, na yi a'uziyya sau uku, amma Shaiɗan ya riga ya cire takalmi ya zauna."

Ya jira ranar da ta tafi suna garinsu. Ya farke rigar katifar, ya sa wuƙar yanka albasa ya yanke faɗin yatsa huɗu daga wannan gefe zuwa wancan, ya naɗe rarar yadin ciki, ya ɗinke da irin ɗinkin Inna Kande wanda ko tela sai ya sa tabarau zai gani. Ya jawo katifar wajen ƙafa, ya cike giɓin wajen kai da filo. Zai fita ya hangi kwandon roba da take tsane shinkafa, ya haɗa da shi. Wannan ya kife shi a gindin bokiti, don yashi ya sauka ƙarƙashi kada soso ya sake ɗauka.

Abin ya yi kyau fiye da yadda ya zata. Ya raba soson gida uku ya tsattsaga, ya riƙa wanke mota da guda, tawul suka huta sai tsanewa da gilashi. Masu wankin mota na Gumel suka fara zuwa leƙe.

"Barau, ina ake samun wannan soson?"

"Daga ƙetare," in ji shi, yana matsewa da yanga. "Sai an yi oda. Ta jirgi yake zuwa."

Amma soso yana tsufa, Zinariya kuma tana zuwa unguwa. Yatsa huɗu suka zama takwas, takwas suka zama goma sha biyu. Filo ɗaya ya zama biyu.

Wata safiya tana miƙa masa koko ta ce, "Baban Jannatu, wai mace takan ƙara tsawo bayan haihuwa huɗu? Ƙafata ta fara leƙa waje."

Barau ya hura kokon ya kurɓa. "Ana yi mana. Ikon Allah ne. Wata gwaggota a Ɗanzomo sai da aka ɗaga mata ƙofar ɗaki."

"Allah Sarki," ta ce. "Kwandona ma ya yi ƙafa."

"Yara ne."

Alhamis ɗin da ta biyo baya ta kawo masa abinci rumfa da kanta, abin da ba ta saba ba. Ina zaune na gan ta ta tsaya a kan bokiti. Soso ruwan hoda yana iyo a sama, koren kwandonta yana ƙasa a kife. Ta gaishe ni, ta tambayi matata Lauratu, ta ajiye kwano, ta ce wa Barau, "Sannu da aiki," ta juya. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, ya ce, "Ba ta gane ba." Na ce masa ni dai in Lauratu ta yi mini irin wannan sannun, ba na cin abincin.

Barau yana da shadda guda, ruwan sararin samaniya, riga da wando, ta Juma'a da ɗaurin aure. Juma'ar farko ya ce mini yau iska tana shiga idon sawunsa da daɗi. Ta biyu wandon ya rabu da idon sawu, ya ɗora laifin a kan wanki. Ta uku ta zo daidai da ɗaurin auren 'yar Alhaji Halliru a Gumel. Tun a ɗaki ya gani, amma mota tana ta hon a ƙofar gida, sai ya sassauta mazagi ya zazzago da wandon iya inda mutunci zai bari. Bai isa ba. Muka sauka a Gumel, sai ga wando a tsakiyar ƙwauri, ƙafafun Barau a waje kamar na zalɓe. Direbobi suka yi masa caa.

"Ustaz Barau! Yaushe aka fara karatu ba a gayyace mu ba?"

Wani ya ɗaga hannu biyu ya roƙe shi ya ja mana addu'a. A zaune ya yi ɗaurin auren nan, ya ja riga ya rufe gwiwa, ko shinkafa bai tashi ya karɓa ba, ni na kawo masa.

Da ya koma gida ya tarar da ita tana ƙulla zoɓo. "Maman Jannatu, me ya sami wandona?"

Ba ta ɗago ba. "Wandonka lafiyarsa lau. Kai ne ka ƙara tsawo. Ana yi mana."

Ya juya bakin wandon ya duba. Ba ta yanke ko zare ba, kalmasa ta yi ciki ta ɗinke, yatsa huɗu sau uku. Ya ce dariya ce ta kama shi har ya zauna a kan turmi, ita ma ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Amma dariya ba ta mayar da katifa ba. Ta ce ita kam, kafin ya idar da la'asar ta warware kalmasar wandon. Shi kuma ya mayar da soson in zai iya. In ba zai iya ba, Yaya Abdulfatah yana zuwa ƙarshen wata, kuma mutum ne mai son ya leƙa ɗaki ya ga yadda ake riƙon kayan da ya saya.

Kafin ƙarshen wata sabuwar katifar da Barau ya biya kuɗinta ta iso daga Kano a saman motar haya. Barau yana murna a ransa, yana ganin tsohuwar ta zama tasa, soson shekara biyar ya samu. Ya wasa wuƙa ya nufi ɗaki, ta tare ƙofa.

"Ina zuwa? Tsohuwar ma tawa ce."

Abin da ta yi da ita shi ya fi ƙona masa rai. Ta zauna ita da Jannatu suka yayyanka ta, ta tsattsaga da sabuwar reza, tsagar ta fi tasa sirantaka da daidaito, ta bi kusurwoyi da almakashi ta zagaye su don kada su riƙa kama bakin ƙarfe su yage. Ta aika wa masu wankin mota na Gumel da Gagarawa cewa kayan ƙetare sun iso, wannan karon ba sai ta jirgi ba. Cikin sati biyu suka ƙare. Barau ma sai da ya bi layi a tsakar gidansa, kuma ba ta bar shi ya zaɓa ba. Ita ta danna, ta saki, ta miƙa masa. Ya kawo rumfa yana ƙunƙuni, ya gwada a wata farar mota. Da na matsa masa da tambaya ya ce, "Ya fi nawa. Amma in ka faɗa mata, ba ni ba kai."

Yanzu ita ke zuwa Gumel zaɓen tawul, 'yan gwanjo suna ɓoye mata masu kyau tun kafin a baje. Ta hana a wanke su tare da kayan gida, ta hana a shanya su a kan katanga, ta ware masu launin rawaya ta ce na gilashi ne kaɗai. Wani mai sayar da katifa a Kano yana aiko mata da guntaye, ta danna ta zaɓa, saura ta yi filo da su. Barau ya ce an yi masa juyin mulki ba a harba ko harsashi ba. Amma na lura in direba ya yaba aiki, sai ya ɗan gyara murya ya ce, "Ai kayan aikin daga gida suke."

Hali dai ba ya tsufa. Watan jiya Lauratu ta haihu, Barau ya zo barka. Mun yi sababbin kujeru uku masu kushin a falo. Tana jin sallamarsa daga zaure ta ce in fitar masa da tabarma ƙofar gida. Na ce ai da kunya, na shigo da shi. Ya zauna ya yi addu'a mai tsawo, ya yaba jaririya, ya sha ruwa. Ina kallo ya ɗan karkata, yatsunsa suka lalubo zif ɗin kushin.

"Abdurra'uf, wa ya yi maka kujerun nan?"

Daga cikin ɗaki Lauratu ta ɗaga murya. "Baban Jannatu, na auna su da igiya, igiyar kuma tana wurin Zinariya."

Ya janye hannun a hankali ya ɗora a gwiwa. "Tambaya ce kawai," in ji shi. "Mutum ba zai yaba aikin kafinta ba?"